Tafintocin Fim a Rasha: Tarihin Sana'ar da Ta Kai Turanci Kunnen Talaka

Sana'ar tafintan fim, kamar yadda aka san ta a Rasha da sauran ƙasashen da suka kasance cikin Tarayyar Sobiyet, ita ce mutum guda ya zauna gaban makirfo yana kallon fim ɗin da aka shirya da wani harshe, galibi Turanci, yana faɗin ma'anar kowace magana da Rashanci a daidai lokacin da 'yan wasa suke furta ta, ba tare da an goge muryoyinsu na asali ba, illa dai a ɗan rage musu ƙarfi. Wannan hanya ta sha bamban da ɗora murya, wato a cire sautin asali ɗungurungum a tara 'yan wasa da yawa su maimaita maganganun da harshen gida daidai da motsin leɓe, ta kuma sha bamban da rubuta fassara a ƙasan hoto, wadda masu kallo a Rasha ba su saba da ita sosai ba. Tafinta ɗaya ne yake magana a madadin maza da mata, yara da tsofaffi, jarumi da abokin gabarsa, da murya guda wadda ba ta cika hawa ko sauka ba. Muhimmancin sana'ar ya wuce batun nishaɗi, domin ta hanyarta ne miliyoyin masu jin Rashanci suka fara jin Turanci daga bakin masu shi, bayan makaranta ta daɗe tana koya musu shi a takarda kawai.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusanci ne harshen waje da ya fi yaɗuwa a makarantun Sobiyet, kamar yadda Faransanci ya kasance harshen masu sarauta a zamanin sarakunan Rasha, sai bayan yaƙin, da Amurka ta zama babbar abokiyar hamayya, Turanci ya fara shiga gaba. A 1961 majalisar ministoci ta fitar da doka kan inganta koyar da harsunan waje, wadda ta yi umarni a riƙa raba manyan azuzuwa gida biyu a darasin harshe, a kuma ƙara yawan makarantu na musamman da ake fara Turanci tun daga aji biyu, alhali a sauran makarantu sai a aji biyar. Littattafai ba su yi ƙaranci ba, domin akwai ƙamusun Turanci zuwa Rashanci na Vladimir Müller, wanda ya fara fitowa a 1943 aka yi ta sake buga shi, akwai kuma littafin koyon Turanci na Natalya Bonk da abokan aikinta, wanda ya shiga hannun manya masu koyo tun daga farkon shekarun 1960. Sai dai koyarwar ta ta'allaƙa ne a kan nahawu da fassara da hadda. Ɗalibi yakan haddace gajerun rubuce-rubuce kan batutuwan da aka ware masa, irin su iyalinsa, ko birnin Landan, ko gidan silima, ko gidan wasan kwaikwayo, ko mai zanen da ya fi so, tare da jerin kalmomin da suka shafi kowane batu, ya zo ya karanto su da ka ranar jarrabawa. Ɗalibin jami'a kuwa ana ɗora masa abin da suke kira dubbai, wato adadin dubban haruffan da zai fassara a kowane zangon karatu, galibi daga jaridar Morning Star ta 'yan gurguzun Birtaniya ko Moscow News da ake bugawa a gida. Ta haka mutum yakan san kalmomin Turanci na darakta da allo da tikiti da dandamali, alhali bai taɓa jin Bature ya furta ko ɗaya daga cikinsu ba, domin tafiya ƙasashen Yamma gata ce ta 'yan ƙalilan, malaminsa ma a littafi ya koya.

Silima ce ƙofar da za ta iya cike wannan giɓi, amma hukuma ce take riƙe da makullinta. Fim na farko da aka ɗora wa muryar Rashanci shi ne The Invisible Man na Amurka, a 1935, ƙarƙashin jagorancin darakta Mark Donskoy, wanda daga baya ya koya wa Ousmane Sembène na Senegal aikin fim a Mosko a farkon shekarun 1960. Bayan faɗuwar Balin a 1945 rundunar Sobiyet ta kwaso dubban fina-finai daga ma'ajiyar gwamnatin Jamus a matsayin ganimar yaƙi, cikinsu har da na Amurka da Ingila, kuma da yake masana'antar gida ta durƙushe har fina-finan da ta kammala a 1951 ba su kai goma ba, sai aka saki da dama daga cikin na ganimar don a tara kuɗi. Akan cire sunayen waɗanda suka shirya su, a sauya musu take, a kuma sa musu gabatarwar da za ta nuna wa mai kallo yadda ake so ya fahimci labarin. Fim ɗin kaboyi na Stagecoach ya koma Tafiyar Za Ta Yi Haɗari, Mr. Deeds Goes to Town kuma ya koma A Ƙarƙashin Ikon Dala, yayin da fina-finan Tarzan, waɗanda aka saki a 1952, suka cika gidajen silima maƙil. A fadar Kremlin kanta, shugaban ƙasar, Stalin, yakan kalli fina-finan waje da dare tare da muƙarrabansa, kuma Nikita Khrushchev ya ba da labarin cewa ministan harkar fim, Ivan Bolshakov, shi ne yake tsayawa yana yi musu tafinta alhali bai iya harsunan ba, sai dai a riga a sanar da shi abin da labarin ya ƙunsa ya zo ya maimaita.

Yarjejeniyar musayar al'adu da aka sa wa hannu tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a watan Janairun 1958 ta buɗe hanyar sayen fina-finai bisa ƙa'ida, ko da yake ƙalilan ne hukumar fina-finai take zaɓa a shekara, bayan an tace su an yanke abin da bai dace da aƙida ko tarbiyya ba. The Magnificent Seven, da aka saki a 1962, ya sayar da tikiti kusan miliyan 67, Some Like It Hot kuma ya fito a 1966 da sabon take mai ma'anar cewa ƙungiyar kiɗan ta 'yan mata ce zalla, sannan fina-finan Indiya sun yi nasu tasirin, tun daga Awaara na Raj Kapoor a 1954 har zuwa Disco Dancer a 1984, waɗanda kowannensu ya haura masu kallo miliyan 60. Ɗakunan shirya fim na Gorky da Mosfilm da Lenfilm sun ƙware ƙwarai wajen ɗora murya, har ana sa manyan 'yan wasan ƙasa su yi aikin cikin natsuwa da gwaji. Wannan ƙwarewa kuwa ita ce ta toshe kunnen mai koyon harshe, domin taurarin Amurka irin su Yul Brynner da Marilyn Monroe da Rashanci tsantsa suke magana, babu ko kalma guda ta Turanci da ta tsira zuwa lasifikar gidan silima.

Ainihin sana'ar ta tsiro ne a wuraren da babu lokaci ko izinin ɗora murya. Bikin baje kolin fina-finai na Mosko, wanda aka fara a 1935 aka kuma farfaɗo da shi a 1959, a wancan lokaci ana yin sa duk bayan shekara biyu, yakan kawo fina-finai masu yawa cikin 'yan kwanaki, haka ma bikin Tashkent na fina-finan Asiya da Afirka da aka soma a 1968. Akwai kuma gidan silima na Illyuzion da aka buɗe a Mosko a 1966, wanda yake nuna tsofaffin fina-finan waje daga ma'ajiyar ƙasa ta Gosfilmofond, ga kuma kallon sirri da ake shirya wa manyan jam'iyya da ma'aikatan fim a ɗakuna na musamman. A duk waɗannan wurare tafinta yakan zauna a wani ƙaramin ɗaki ko a bayan zaure, da abin sauraro a kunne da makirfo a gabansa, yana bin fim ɗin kai tsaye, wani lokaci da takardar maganganun a hannu, wani lokaci kuma ba tare da ya taɓa ganin fim ɗin ba. Idan fim ya zo da harshen da babu mai jin sa, sai ya dogara da rubutun Turanci ko Faransanci da ke ƙasan hoto ya juya shi zuwa Rashanci. Yawancin masu wannan aiki sun fito ne daga Cibiyar Harsunan Waje ta Mosko, wadda aka kafa a 1930 aka raɗa mata sunan Maurice Thorez a 1964, ko daga sassan nazarin Gabas na Jami'ar Mosko, wato dai gwamnati ce da kanta ta horar da mutanen da daga baya suka zama muryoyin kasuwar bayan fage.

Abin da ya fitar da sana'ar daga zauren manya zuwa gidajen jama'a shi ne na'urar bidiyo. Tun ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan jakadanci da matuƙan jiragen ruwa da 'yan wasannin motsa jiki suka fara shigo da na'urori da kaset-kaset daga waje, a 1984 kuma masana'antar birnin Voronezh ta fara ƙera Elektronika VM-12, wadda aka kwaikwayo daga wata na'urar Panasonic, ana sayar da ita rubul 1,200, kusan albashin wata shida na matsakaicin ma'aikaci. Da yake talabijin ɗin Sobiyet yana aiki ne da tsarin launi na SECAM, kaset-kaset ɗin Turai kuwa galibi na PAL ne, sai hoto ya fito fari da baƙi har sai an nemi mai gyara ya saka wata 'yar na'ura mai daidaita launi. Hukuma ta ɗauki lamarin da zafi, domin ban da sashe na 228 na kundin laifuffuka na Rasha da ya haramta yaɗa batsa, a 1986 an ƙara wani sashe mai hukuncin ɗauri ga duk wanda ya yaɗa abin da ke ɗaukaka tashin hankali da rashin imani, ma'anar da take da faɗin da za ta iya haɗiye fim ɗin kareti ko na 'yan daba. An sha ba da labarin yadda 'yan sanda sukan yanke wutar bene kafin su ƙwanƙwasa ƙofa, don kaset ya maƙale a cikin na'ura ya zama shaida.

Yadda aikin yake gudana a ɓoye bai da wuyar bayani. Dillali yakan kawo kaset na asali gidan tafinta ko wani ɗaki da aka tanada, a haɗa na'urorin bidiyo biyu da makirfo da ƙaramar na'urar gauraya sauti, ɗaya tana kunna fim ɗin, ɗayar tana naɗar hoto da muryar asali da ta tafinta a haɗe. Tafinta yakan fara da karanto sunan kamfani da na darakta da na 'yan wasa, sannan ya shiga labari yana bin bakin masu magana da jinkirin da bai kai daƙiƙa ba, ba ƙamus, ba takarda, kuma sau da yawa ba tsayawa, domin ana biyan sa ne bisa yawan fina-finai, har yakan gama biyu ko uku a yini. Daga wannan kaset na farko ake kwafar wasu, daga su kuma a kwafi wasu, ta yadda wanda ya isa wani gari a Saiberiya launinsa ya koɗe, hotonsa yana rawa, muryar tafinta ce kaɗai ta rage a sarari. Kurakurai ba su da iyaka, musamman a salon maganar titi da barkwanci da sunayen abubuwan da ba a san su a Tarayyar Sobiyet ba, ashar kuwa akan sassauta ta da kalmomi masu dama-dama, amma ga mai kallon da bai da wata hanya, da babu gara ba daɗi.

Sunayen waɗannan mutane ba sa fitowa a kan kaset, sai dai jama'a sun san su da murya. Leonid Volodarsky, wanda aka haifa a 1950 ya rasu a 2023, ya yi karatu a cibiyar Maurice Thorez ya kuma yi aiki a Cibiyar Nazarin Afirka ta Kwalejin Kimiyya, kuma ya ce ya fassara fina-finai fiye da 5,000. Muryarsa mai fita ta hanci ta sa aka yi ta yaɗa cewa maƙalin shanya yake matse hancinsa da shi don kada jami'an leƙen asiri na KGB su gane shi, alhali shi ya bayyana cewa karaya biyu ya samu a hanci. Aleksey Mikhalyov, wanda ya rayu daga 1944 zuwa 1994, masanin Farisanci ne da ya yi aikin jakadanci a Afganistan da Iran ya kuma yi wa shugaba Leonid Brezhnev tafinta, kuma shi ake yabo da daɗin harshe da iya mayar da barkwanci, musamman a fina-finan ban dariya da na zanen Disney. Andrey Gavrilov, ɗan jarida a kamfanin dillancin labarai na TASS kuma masanin kiɗa, ya shahara a fina-finan faɗa, har a wasu rubuce-rubucen waje ana kiran salon gaba ɗaya da sunansa. Akwai kuma Vasily Gorchakov da Yury Zhivov da wasu da dama, kuma masu saye sukan tambayi mai shago muryar wane ce a kan kaset kafin su biya.

Sauye-sauyen shugaba Mikhail Gorbachev ne suka fito da harkar fili. Dokar ayyukan ƙashin kai da ta fara aiki a 1987 da dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 1988 sun ba da damar buɗe gidajen kallon bidiyo, da yawansu ƙarƙashin inuwar Komsomol, wato reshen matasa na jam'iyyar gurguzu, wanda jami'ansa suka gano cewa harkar tana kawo kuɗi. Gidan kallo bai wuce ɗaki a ƙarƙashin bene ko a tashar jirgin ƙasa ko ma cikin tsohuwar bas ba, da talabijin ɗaya ko biyu a sama, da kujeru a jere, da jadawalin da aka rubuta da hannu a bakin ƙofa, kuɗin shiga kuma galibi rubul ɗaya. A nan ne matasa suka san Bruce Lee da Arnold Schwarzenegger da Sylvester Stallone da Jean-Claude Van Damme, a nan ne kuma Turancin baka ya fara shiga kunnensu, domin ɗan wasa yakan fara magana kafin tafinta ya biyo shi, ya zama an ji farkon jimlar da Turanci sannan an ji ma'anarta nan take. Wanda ya kalli fim guda sau goma yakan kama gaisuwa da umarni da rantsuwa da zagi, da yadda ake ɗaga murya wajen tambaya, abubuwan da rubutun hadda kan gidan silima bai ƙunsa ba. Wannan ba ya mayar da mutum gwanin harshe, amma ya nuna wa tsara guda cewa Turanci abin magana ne a tsakanin mutane, ya kuma haifar da ƙishirwar da ta sa kwasa-kwasai masu zaman kansu da littattafan Oxford da Cambridge da shirin yara na Muzzy na BBC suka samu karɓuwa a farkon shekarun 1990.

Nasarar sana'ar ce ta jawo ƙarshenta. A 1991 manyan kamfanonin Hollywood, ta bakin shugaban ƙungiyarsu Jack Valenti, sun daina sayar wa Tarayyar Sobiyet fina-finai saboda yawan satar fasaha, abin da ya ƙara wa kasuwar bayan fage ƙarfi na ɗan lokaci, har kasuwar Gorbushka ta Mosko ta zama cibiyar kaset da faifai. Rasha ta kafa dokar haƙƙin mallaka a 1993, ta shiga yarjejeniyar Bern a 1995, a 1996 kuma aka buɗe Kodak Kinomir, gidan silima na zamani na farko a Mosko, inda aka dawo da cikakkiyar ɗora murya bisa lasisi. Tashoshin talabijin sun ɗauki hanyar tsakiya, wato muryoyi biyu ko fiye, namiji da mace, a kan sautin asali. Duk da haka salon murya ɗaya bai mutu ba, domin Dmitry Puchkov, tsohon ɗan sandan bincike a Sant Fitasbag wanda aka fi sani da Goblin, ya yi suna a farkon shekarun 2000 da fassarar da ba ta ɓoye ashar, da kuma fassarar barkwanci ta The Lord of the Rings wadda ya sauya wa labari gaba ɗaya. Da intanet ta yaɗu, ƙungiyoyin sa kai irin su LostFilm da Kurazh-Bambey suka gaji aikin a kan fina-finai masu dogon zango, masu koyon harshe kuma suka samu abin da iyayensu ba su samu ba, wato fim da sautinsa na asali da rubutu a ƙasa, wanda makarantun intanet irin su Lingualeo da Skyeng suka mayar da shi kayan darasin kalmomi. A watan Maris na 2022, bayan mamayar da Rasha ta kai Yukren, manyan kamfanonin fim na Amurka suka janye daga kasuwar Rasha, fassarar da ba ta da lasisi ta sake samun gindin zama.

Rasha ba ita kaɗai ta san wannan al'ada ba. A Poland har yau mai karatu guda ne yake bin yawancin fina-finan waje a talabijin, a Romaniya kuma Irina Nistor ta fassara kimanin fina-finai 3,000 a kaset tun daga zamanin shugaba Ceaușescu, labarin da aka shirya fim a kansa a 2015. Mai karatu Bahaushe zai ga kama tsakanin wannan da fassarar fina-finan Indiya da ɗakuna irin su Algaita suke yi a Kano, inda mutane ƙalilan suke ɗaukar muryoyin 'yan wasa da yawa, masu kallo kuma suna bin sunan mai fassara kamar yadda suke bin na jarumi, ga kuma irin wannan taƙaddama kan haƙƙin mallaka da tarbiyya. Abin da tarihin Rasha ya tabbatar shi ne, makaranta ta ba ɗalibai nahawu da jerin kalmomi, hukumar tace fina-finai ta hana su jin yadda ake furta su, tafintocin kaset kuma, duk da kurakuransu da rashin halascin kasuwarsu, su ne suka haɗa biyun a tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da tsakiyar shekarun 1990. Don haka duk tarihin koyon Turanci a Rasha da aka rubuta ba tare da ambaton su ba, bai cika ba.